Yadda za ka saita Arduino ya riƙe zafin akwatin renon ƙwayoyin cuta

Wannan na ɗaliban ɗakin gwaje-gwaje ne a nan Katsina masu son akwatinsu ya tsaya a digiri 37 na Celsius. Arduino ƙaramin allon kwamfuta ne da ake rubuta wa manhaja don ya sarrafa na'urori.

1. Sauke Arduino IDE (manhajar da ake rubuta wa allon umarni da ita) a kwamfutarka, ka jona allon Uno da wayar USB, ka saka OneWire da DallasTemperature, ƙarin manhajojin karanta ma'aunin zafi, daga Library Manager da ke cikin IDE ɗin.

2. Haɗa ma'aunin zafi DS18B20: wayar wuta a 5V, ta ƙasa a GND, ta bayanai a fil na 2 na allon. Sa rizisto 4.7k tsakanin ta bayanai da 5V.

3. Rile, wato makunnin da allon ke sarrafawa don kunna hita, ya shiga fil na 8. Ɓangaren wutar gida kuwa, bar wa mai gyaran lantarki, don Allah.

4. Sai rubutun manhaja, kuma nan ake so ka natsu. Hita ta kama a 36.5, ta mutu a 37.5, don kada rile ya yi ta ƙarƙas har ya lalace. In wayar ma'aunin ta cire, ma'aunin zai nuna -127, allon ya ɗauka sanyi ne ya bar hita a kunne. Dole ka rubuta cewa da ganin wannan lamba a kashe hita nan take.

5. Buɗe Serial Monitor (tagar IDE mai nuna abin da allon ke aikowa) a saurin sadarwa 9600, ka gwada da kwalbar ruwa a cikin akwatin na yini guda, kana kwatantawa da wani ma'aunin.

A watan Afrilu ɗaki kansa yakan haura 37, hita kuma ba ta sanyaya komai, don haka ajiye akwatin a ɗaki mai sanyi.