Yadda Ake Hawa Dutsen Kilimanjaro Ga Mai Tasowa Daga Akra

Kilimanjaro yana arewacin Tanzaniya, kuma shi ne dutsen da ya fi kowanne tsayi a Afirka. Ƙololuwarsa, Uhuru, ta kai mita 5,895 sama da teku. Da ƙafa ake takawa har can, babu igiya babu gatari. Abin da ke dawo da mutane daga hanya shi ne ƙarancin iska: a sama, duk numfashin da ka ja kusan rabin oksijin ɗin da kake samu a Nima ko Mamobi yake kawo maka. Mutumin Akra a bakin teku ya tashi, don haka duk shirinsa ya karkata kan bai wa jiki lokacin sabawa.

Fara da likita, tun kafin ka tanka wa kowane kamfani. A yi maka gwajin jini. Mai sikila kada ya hau, wannan babu ja-in-ja. Wanda jininsa AS ne ma ya faɗa wa likita inda za shi, domin ƙarancin oksijin na iya toshe jinin da ke zuwa saifa. Haka mai ciwon zuciya, hawan jini ko asma. A nan za ka yi tambaya kan Diamox, maganin da ke taimaka wa jiki sabawa da ƙarancin iska, wanda aka fi sha miligiram 125 sau biyu a rana, a fara ana gobe hawa. Yana sa yawan fitsari da tsikarin yatsu, kuma wanda magungunan salfa ke wa illa ya sanar tukuna. Nemo katin rigakafin shawara ka ajiye cikin fasfo, ana tambayar matafiyan Gana shi.

Wata uku na atisaye sun isa. Kowace Asabar da asuba ka taka daga Ayi Mensah zuwa Peduase a hanyar Aburi, da jaka mai kilo 6 a baya, cikin ainihin takalmin da za ka hau dutsen da shi. Na Kumasi su sauka gangaren tafkin Bosomtwe su hauro. Afadjato ma ya yi, amma bai kai mita 1,000 ba, ƙafa kawai zai gyara maka. Ƙarfin jiki ba ya hana ciwon tsauni, wato ciwon da ƙarancin iska ke jawowa, sau da yawa ma ƙarfafan samari ya fi kamawa saboda gaggawarsu.

Lokacin zuwa shi ne Janairu zuwa farkon Maris, ko Yuni zuwa Oktoba. Afrilu da Mayu damina ce. Duba kalanda kada tafiyar ta faɗa watan azumi. Jirgi daga Akra kan bi ta Adis Ababa ko Nairobi ya sauka tsakanin garuruwan Moshi da Arusha.

Doka ba ta yarda a hau ba tare da ɗan jagora mai lasisi ba, don haka sai ta hannun kamfani. A nan ne masu neman sauƙin kuɗi ke cutar kansu. Za a nuna maka hanyar Marangu ta kwana biyar, mai ɗakunan kwana da araha, amma hawan ya yi sauri ga jikin da bai saba ba. Ɗauki Machame ta kwana bakwai ko Lemosho ta kwana takwas. Amfanin Machame a rana ta uku yake: ana hawa har Lava Tower, kimanin mita 4,600, a ci abincin rana, sannan a gangaro a kwana Barranco wajen mita 3,900. Jiki ya ɗanɗana sama ya huta a ƙasa, da haka yake sabawa. Ka tambayi kamfanin ko suna ɗaukar tulun oksijin da na'urar auna oksijin ta yatsa, da nawa suke biyan 'yan dako. Farashin da ya faɗi warwas, a wuyan 'yan dakon nan yake ƙarewa.

Sanyin daren hawan ƙololuwa kan wuce digiri 10 ƙasa da sifili, hunturunmu ko kusa bai yi ba. Sutura hawa-hawa ake sawa: ta ciki mai tsotse gumi, rigar ulu, babbar rigar sanyi mai kumbura, sai ta waje mai tare iska da ruwa. Auduga ba ta shiga lissafi, in ta jiƙe da gumi sanyi take riƙewa. Rigunan ulu da safa ana samu a gwanjon Kantamanto, jakar barci da sandunan tafiya kuwa ka yi haya a Moshi. Kada babbar jakarka ta haura kilo 15, ɗan dako ne zai ɗauke ta.

A kan hanya za ka yi ta jin "pole pole", wato sannu sannu. Ma'auninsa: in ba ka iya magana kana tafiya, ka yi sauri. Sha lita 3 zuwa 4 na ruwa kullum, ka ci abinci ko ba ka jin yunwa, ka riƙe dabino da gyaɗa a aljihu. Ruwan Barafu, sansani na ƙarshe kafin ƙololuwa, daga kwarin Karanga ake ɗauko shi a ka, saboda haka ka yi amfani da sauƙin da aka yi wa matafiyi na kasaru, ka kuma tambayi malaminka hukuncin taimama kafin ka bar gida.

Ɗan ciwon kai da rashin barci kusan kowa na yi. Amma tari mai kumfa, haki alhali kana zaune, tangaɗi kamar mai maye ko ruɗewar magana alamu ne na ruwa a huhu ko kumburin ƙwaƙwalwa. Maganinsu a sauko nan take, ko da tsakar dare ne. Kada ka ɓoye wa jagora komai don tausayin kuɗin da ka kashe.

Daga Barafu, mita 4,670, ana tashi da misalin sha biyun dare. Sa sabon batir a tocilan ɗin goshi, wayarka ta kwana jikinka don sanyi na zuƙe caji. Zura gorar ruwa cikin safa ka kifa ta, domin daga sama ruwa ke fara daskarewa. Awa shida zuwa bakwai za ka yi kana takawa kan tsakuwa mai zamewa kafin Stella Point da ke bakin saman dutsen, yawanci daidai fitowar rana, daga nan kimanin awa guda zuwa Uhuru. Minti goma sha biyar sun ishe ka a can.

Saukowa ta hanyar Mweka ita ke cin gwiwa da farce. Yanke farcen ƙafa tun a Moshi, ka ƙara tsawon sandunanka, ka ɗaure igiyar takalmi tamau a idon sawu don kada yatsu su riƙa dukan gaban takalmin.