Kayan adon Sallah na katako: kurakuran yankan fuska biyu da gyaransu

Injin zarto mai siririn ruwa, wanda ruwansa ke hawa da sauka kamar allurar keken ɗinki, shi ake amfani da shi a Amurka da Turai wajen fitar da ƙananan kayan adon da ake ratayawa a bishiyar Kirsimeti. Mu a nan Sakkwato dabarar muke so, surar kuwa tamu ce: fitila, hasumiya mai kubba, jinjirin wata a kan tauraro, abin ratayawa a falo ko a ƙofar shago ranar Sallah. Ana manna zane biyu a gefe biyu maƙwabta na guntun katako mai kusurwa huɗu, a yanka gefe ɗaya, a mayar da ɓarayin da suka fita a ɗaure, a kwantar da katakon a ɗaya gefen a sake yankawa. In an ɓare, sai ga abin ado ya fito daga ciki da sura ta kowane ɓangare.

Yawancin ɓarnar tana faruwa ne tun kafin a kunna inji.

Guntun katakon ne farko. Mutum ya je wurin 'yan katako, ya sa a tsaga masa inci ɗaya da rabi kan inci ɗaya da rabi, ya dawo ya fara aiki bai ɗora sukwaya, ma'aunin daidaiton kusurwa, ba. In gefe guda ya kauce ko kaɗan ne, hasumiyar za ta fito da ƙiba a hagu, sirantaka a dama, har wani wurin ya huje. A gwada kusurwoyin huɗu duka, a auna faɗin gefen biyu a tabbatar sun zo ɗaya. Wanda bai daidaita ba a mayar a goge shi a inji, sanfefa a hannu ba ya gyara wannan. Kada kuma kauri ya haura inci 2, domin nan ne iyakar yawancin irin waɗannan injuna.

Sai teburin injin. Lambar sifili da ke jikin ma'aunin karkatar da tebur ba abin dogaro ba ce. A siririn katako kauce kaɗan ba ya nunawa, amma a inci ɗaya da rabi sama da ƙasa sai su yi hannun riga. Gwajin ba wuya: a ɗauki tarkacen katako mai kauri, a ɗan tsaga shi, a kashe inji, a zagayo da shi bayan ruwan zarton. In bayan ruwan ya shiga tsagar salin alin, tebur ya daidaita. In ya ƙi, a kwance a gyara, a sake gwadawa. A ganina duk wanda ya tsallake wannan gwajin bai da bakin zargin inji ko katako.

Takardar zanen tana da layi a tsakiya inda ake ninke ta. Wannan ninkin sai ya hau kan kaifin kusurwar katakon daidai, daga sama har ƙasa. Wasu na raba takardar biyu su manna kowane rabi daban, sai kubbar gefe ɗaya ta fi ta ɗayan tsayi, abin ya fito da kai biyu. A ninke tukuna, a shafa gam, sannan a ɗora. In zanen na da rami a ciki, kamar tagar fitila, a huda ramukan gefen biyu duka tun katakon na dunƙule. Hudawa bayan an yi yankan farko tana tarwatsa abin da ke ciki.

Maganar ruwan zarto tana da ɗan tsawo. Lamba 2 ko 3 da ake yanka falle da shi ba zai iya wannan kauri ba, zai yi zafi ya tsinke. Lamba 5 ga katako mai laushi, 7 ko 9 ga mai tauri, kuma irin mai giɓi tsakanin haƙora, saboda giɓin ne ke fitar da garin katako daga tsagar. Akwai wani iri mai 'yan haƙoran ƙasa masu kallon sama. Yana da kyau a falle, amma a nan yana riƙe gari yana kuma ɗaga katakon. Haƙora su kalli ƙasa, su kuma fuskanci mai aiki. A ɗaure shi tamau, yadda in an taɓa shi da yatsa zai yi ƙara siririya. Sako-sako ne ke sa ruwan ya lanƙwashe a cikin katako: a sama yana bin layi lafiya lau, a tsakiya ya yi tumbi. Haka ma in ana tura katakon ta gefe a kan kwana. A tura kai tsaye zuwa haƙora, a riƙa sassauta hannu kaɗan-kaɗan don ruwan ya miƙe. Da ya fara neman a danna masa, ya dakushe, a canza shi.

Bayan yankan farko mutane kan zubar da ɓarayin, ko su mayar da su da garin katako a tsakani. Su ne ke riƙe aikin a miƙe lokacin yanka na biyu. A busa garin, a mayar da kowane wurinsa, a naɗe da farin salatif mai faɗi, wanda kuma ke rage ƙuna a jikin katako. Wanda ya fi, a haɗa matsi: falle biyu na katako da dogayen ƙusoshi biyu masu noti, a sa aikin a tsakiya. Yana ba hannu wurin riƙo, yana nesanta yatsu da ruwan. Kada dai a matse har tsagar ta rufe ta cije zarton.

Game da irin katako, obeche da malaina sun fi sauƙi ga mai koyo. Maɗaci ya fi kyan launi, sai dai yana son haƙuri da sabon ruwa. Babban kuskure shi ne ɗanyen katako. Ana kawo shi daga kudu da laima a jikinsa, ya zo ya tarar da hunturun Sakkwato ko zafin Afrilu da ke haura digiri 40, siraran wuraren su tsage ko su murɗe bayan an gama wahala. A bar shi ya bushe a inuwa, a jingine da tazara tsakani. Jijiyar katakon kuma ta bi tsawon abin adon, in ba haka ba wuyan hasumiya zai karye a hannun yaro na farko da ya taɓa.

Mai sayen injin gwanjo ya duba farantin da ke jikinsa. Na Amurka wutar 120 yake ci, tamu 230 ce, in babu tiransifoma mai rage wuta sau ɗaya za a jona shi. Garin maɗaci kuma yana damun hanci da ƙirji, a sa takunkumi.

Wajen gamawa, fenti mai kauri yana cike ƙananan lungunan da aka sha wuyar fitarwa. A naɗe sanfefa mai laushi a jikin tsinke a bi lungunan, a huda ramin zare da ƙaramin bakin huji, sannan a tsoma abin cikin banish da aka sirka, a rataye shi a ɗaki rufe inda ƙura ba za ta hau shi ba kafin ya bushe.