Ga mai shirin zuwa Yamai

Salam 'yan uwa, duk wanda zai shigo Yamai karon farko ya fara da gidan tarihi na Boubou Hama tun da safe kafin rana ta buɗe, akwai ƙasusuwan dinozor, manyan dabbobin nan na zamanin da, da aka tono a yankin Agadas, ga maƙeran Buzaye suna aikin azurfa a gabanka, amma fa a yi ciniki, kar ka biya kuɗin farko. La'asar sakaliya ka gangara bakin kogi wajen gadar Kennedy, masu kwale-kwale na zagayawa da mutane, a yi jinga kafin a shiga. Dambu da zogale kar ya wuce ka. Kilishin tsaraba kuwa ka ɗanɗana tukuna, ni na taɓa kwaso na jika biyar, yaji ya hana yara ci wallahi.