Yadda Za Ki Zaɓi Hoton Binciken Sankarar Mama

Idan kika ji kullutu a mamanki, ki fara zuwa wurin likita, misali a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna, domin shekarunki da yanayin jikinki ne ke nuna hoton da ya dace da ke.

Macen da ta kai shekara 40 akan fara mata da mamogiram, inda na'ura ke matse maman tsakanin faranti biyu na ɗan lokaci. Akwai ɗan zafi, amma hoton kan nuna cutar tun kafin hannu ya ji ta. Ranar hoton kada ki shafa hoda ko turaren hammata, domin suna barin ɗigo a hoton da ke rikita mai karantawa.

Budurwa da mai ciki da mai shayarwa kuwa, sikanin, wato hoton da ake ɗauka da igiyar sauti irin wanda ake yi wa masu ciki, ya fi dacewa da su, tunda naman mamansu yana da kauri, kuma shi ne ke bambance ƙullin ruwa da tsiro mai tauri. Hoton MRI, wanda na'ura mai maganaɗisu ke ɗauka, yana da tsada, akan tanade shi ga wadda cutar ta yawaita a danginta.

Ki riƙa zuwa da tsofaffin hotunanki. Idan an ga abin zargi, sai an ɗebi tsoka da allura an auna kafin a tabbatar.