Darasi na 9: Nawa Ake Kashewa Wajen Sauya Tagogin Tsohon Gida?

A tsoffin unguwannin Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, akwai gidajen da kakanni suka gina da ƙasa, 'ya'ya suka zo suka yi musu rufin kwano, jikoki suka shafe su da siminti. Bango na nan da ƙarfinsa, amma tagogi sun gaji. Wata gara ta cinye ta, wata ba ta rufuwa sai an tokare ta da dutse, wata kuma an toshe ta da kwali tun hunturun bara. Mai gida yakan je wurin mai walda ya tambayi kuɗin taga, ya dawo yana ganin ya san abin da zai kashe. Bai sani ba tukuna. A tsohon gida, bangon da za a sa tagar shi ne ke yanka kuɗin aiki.

Fara da duba bango

Kafin ka yi ciniki da kowa, ɗauki ƙusa doguwa ka soki katakon tsohuwar taga, sama da ƙasa da gefe. In ƙusar ta shige ba wahala, ko wani gari mai kama da ƙasa ya zubo, gara ta gama da cikinsa ko da fenti na nan fes a waje. Sai ka ƙwanƙwasa shafen da ke kewaye da tagar. Inda ka ji sautin fanko, siminti ya rabu da ƙasar da ke bayansa, kuma zai faɗo ranar da aka ɓalle tagar.

Abu mafi muhimmanci yana sama da taga. A nan ne abin da ke ɗauke da nauyin bango yake, wanda a yau ake zubawa da siminti da rodi, ana kiransa linta. Magina na dā azara suke sawa, ta giginya, wadda gara ba ta cika iya mata ba. Wasu gidajen kuwa katako kawai aka gitta, wasu ma jikin tagar ne ke riƙe da ƙasar da ke samanta. In aka cire irin wannan ba a tokare ba, bango na iya zubowa kan mai aiki. Don haka a kira magini ya gani da idonsa kafin a taɓa komai. Ku karanta wannan hira da murya, mutum biyu-biyu:

"Malam, tagar nan kawai nake so a cire a sa ta ƙarfe."

"Maigida, dubi wannan tsagar da ta taso daga kusurwa ta yi sama. Ba azara a nan. Sai mun zuba linta tukuna."

"Ba za a iya lallaɓawa haka ba?"

"Za a iya, amma damina ɗaya za ta tona mana asiri."

Maginin nan gaskiya ya faɗa. A yankinmu hadari yawanci daga gabas yake tasowa da iska, shi ya sa bangon gabas ya fi shan duka, tagoginsa kuma su ne ke fara ruɓewa. In kuɗi ba za su kai a sauya duka ba, a fara da su.

Awo

Mita 1 santimita 100 ce. Auna faɗin ramin taga a wuri uku: sama, tsakiya, ƙasa. Tsohon bango ba ya miƙe sak, za ka iya samun 101 a sama, 100 a tsakiya, 98 a ƙasa. Ɗauki mafi ƙanƙanta. Haka za ka yi wa tsayi. Rubuta faɗi tukuna, sannan tsayi, kamar haka: 98 × 120. Kowace taga da layinta a littafinka, da sunan ɗakin da take. Kada ka ce ai duk girmansu ɗaya.

Shawarata ita ce a bar rami yadda yake. Mutane da yawa suna sha'awar faɗaɗa taga don ɗaki ya samu iska, kuma ba laifi ba ne a garin da zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 40. Sai dai faɗaɗawa na nufin fasa bango, da sabuwar linta mai tsawo, da ƙarin bulo da siminti da kwanakin aiki. Wanda ya shirya wa haka, bismilla. Wanda aljihunsa bai kai ba, ya sa a ƙera masa taga daidai ramin da yake da shi.

Wace iri za a saya?

Ta katako ba ta ɗaukar zafi, amma in ba katako mai tauri ba ne da aka shafa wa maganin gara, bayan 'yan shekaru za a koma gidan jiya. Ta ƙarfe ita ce aka fi yi, tana da ƙarfi, mai walda na unguwa zai iya gyara ta. Maƙiyinta tsatsa ne, don haka a tabbata an shafa mata jan fentin hana tsatsa kafin fenti mai launi, har bayan da zai shige cikin bango. Mai gilashi falle-falle, wadda ake kira nako, tana ba da iska sosai, kuma in falle ɗaya ya fashe shi kaɗai za a saya, amma ƙurar hunturu tana ratsa ta. Ta alminiyam mai turawa gefe ba ta tsatsa, gara ba ta cin ta, ta fi tsada, kuma rabinta kawai ke buɗewa. Masu yin ta kan yi lissafi da murabba'in mita: taga mai faɗin mita 1 da tsayin mita 1.2 murabba'in mita 1.2 ke nan.

Ko wacce ka zaɓa, kada ka cire ragar sauro daga lissafi don rage kuɗi. Jinyar yaro ɗaya da zazzaɓin cizon sauro ta fi kuɗin ragar. In za a sa sandunan ƙarfe na tsaro, a bar taga ɗaya wadda sandunanta ke buɗewa daga ciki, saboda gobara.

Lissafi

Farashin da ke ƙasa na koyon lissafi ne. Na gaskiya yana kasuwar garinku, kuma yana hawa yana sauka. Simintin da ake yi a garin Figil, alal misali, buhunsa kilo 50 ne a ko'ina, amma kuɗinsa na ƙaruwa gwargwadon nisan da mota ta kai shi. A ce mutum zai sauya taga 3, ɗaya daga ciki tana buƙatar linta:

Tagar ƙarfe 3, kowace sefa 35,000: 105,000
Ragar sauro 3, kowace 3,000: 9,000
Siminti buhu 2, kowane 5,500: 11,000
Yashi da bulo: 8,000
Rodi, tsakuwa da katakon linta: 12,000
Ladan magini da lebura: 20,000
Fenti: 7,000
Mai amalanke: 3,000
Jimla: 175,000

Duba da kyau. Tagogin kansu 105,000 ne. Sauran 70,000, wato kuɗin wasu tagogi biyu, sun tafi ne a abubuwan da mai walda bai ambata ba, don ba aikinsa ba ne. Wanda ya tara 105,000 kawai ya sa aka ɓalle tsoffin tagogi, iyalinsa za su kwana da rami a bango. Bayan haka a ƙara kashi 1 cikin 10 na jimla, wato 17,500, saboda abin da zai ɓullo in an fasa. Abin da ya kamata a riƙe a hannu ya zama 192,500.

Me ya kawo bulo cikin lissafin? Siminti ba ya kama ƙasa da kyau. In aka kafa tagar ƙarfe kai tsaye a bangon ƙasa, buɗewa da rufewa za su girgiza ta har ta saki. Magini na kirki yakan jera bulo ko jan tubali a gefen ramin, ya sa mai walda ya yi wa tagar ƙafafu dogaye da za su nutse a ciki. Bayan an kafa, a riƙa yayyafa wa simintin ruwa safe da yamma har kwana 7, in ba haka ba zafin rana zai busar da shi kafin ya yi ƙarfi, ya tsattsage.

Ka tambayi masu walda biyu ko uku, ka kuma duba kaurin ƙarfen da kowa zai yi aiki da shi, domin mai araha sau da yawa siririn ƙarfe ne. In an daidaita, a rubuta awo, da kuɗi, da kafin alƙalamin da ka bayar, da ranar karɓa, ku sa hannu ku biyu. A yi aikin da rani, kuma kada a cire tsohuwar taga sai sabuwa ta iso ƙofar gida, don in an ɗauke wuta mai walda ba shi da yadda zai yi. Ɗan haya kuma ya fara magana da mai gidan, a rubuta ko za a cire kuɗin daga haya.

Aikin gida

1. Auna taga ɗaya a gidanku a wuri uku. Wane awo za ka kai wa mai walda?
2. In mutumin da ke cikin misalinmu yana ajiye sefa 17,500 duk wata, wata nawa zai yi kafin ya tara 192,500?
3. Je kasuwa ka tambayi kuɗin buhun siminti, da mita 1 na ragar sauro, da gwangwanin fentin hana tsatsa. Rubuta su a littafinka, ka zo da su aji mu sake lissafin da farashin garinmu.