Yadda Ɗalibi Zai Nemi Ɗaki da Sana'a a Birnin Katsina Ba Tare da Karatunsa Ya Taɓu Ba

Duk wanda ya bi hanyar Dutsin-Ma da sassafe a lokacin da makarantu suke a buɗe, zai ga cincirindon matasa a bakin titi suna jiran abin hawa, domin kusan dukkan manyan makarantun birnin Katsina a kan wannan hanya suke. A nan ne Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina take, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da Jami'ar Al-Qalam wadda aka kafa a 2005, sai kuma Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua wadda aka kafa a 2006, can wajen Batagarawa. Ɗakunan kwana da ke cikin makarantun nan ba sa isar duk masu nema, saboda haka dubban ɗalibai daga Funtua, Malumfashi, Daura, Kankia da ma wasu jihohi suna rububin ɗakunan haya a gefen hanya ɗaya kuma a lokaci ɗaya. Wanda ya zo bai shirya ba, shi ne yakan ƙare a ɗakin da kowa ya ƙi.

Abu na farko da ya kamata sabon ɗalibi ya yi, tun ranar da ya biya kuɗin rajista, shi ne ya nemi gurbi a ɗakin kwanan makaranta ta ofishin kula da harkokin ɗalibai. Akwai cunkoso, kuma mutum ba shi da zaɓin waɗanda zai zauna da su, amma a shekarar farko babu wurin da ya fi nan sauƙin kuɗi da kusanci da aji, musamman ga ɗaliba mace wadda iyayenta suke nesa. Kada a sayi gurbin gado a hannun wani ɗalibi, domin dokar makarantu ta hana, kuma ranar da aka zo bincike wanda ba sunansa a takarda ba shi ake fitarwa.

Idan ba a samu ba, sai neman haya, kuma a nan ne mafi yawan ɗalibai suke kuskuren lissafi. Sukan tambayi kuɗin ɗaki a shekara, su ji na cikin gari ya fi araha, su biya, su manta cewa kullum sai sun hau kurkura, wato Keke NAPEP, ko acaɓa zuwa makaranta. Tun daga 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, kuɗin abin hawa ya zama babban kaso na abin da ɗalibi yake kashewa. A ɗauki misali kawai: idan zuwa Naira 500 ne, dawowa ma haka, a kwana biyar an kashe Naira 5,000, a zangon karatu na mako goma sha biyar kuwa Naira 75,000, wato Naira 150,000 a zango biyu. Ya kamata a ɗora wannan kuɗin a kan kuɗin hayar ɗakin da ke Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa kafin a kwatanta shi da wanda ɗalibi zai iya takawa da ƙafa daga gare shi zuwa aji. Sau da yawa za a tarar ɗakin da ya fi tsada a baki shi ne ya fi sauƙi a aljihu, ban da laccar ƙarfe takwas da ba za a riƙa makara ba.

Bayan nisa sai ruwa. Ruwan famfo da ke zuwa birnin daga madatsar Ajiwa ba ya kai wa kowace unguwa a kowane lokaci, sababbin unguwanni kuwa galibi sun dogara ne da rijiyar burtsatse ko 'yan ga-ruwa masu tura kura. Idan mai gida ya ce akwai burtsatse, a tambaye shi da me ake tayar da ita, da wutar KEDCO ne, ko da sola, ko da janareta, kuma wa yake biyan kuɗin mai da na gyaran famfo idan ya lalace. Haka batun wuta: a duba ko mitar kati ce ko kuwa takardar kuɗi ake kawowa a raba, mutum nawa ne suke kan mita ɗaya, kuma ko akwai tsohon bashi a kan gidan, domin ba a rasa gidan da sabon ɗan haya ya shiga ya tarar ana neman ya biya wutar da bai sha ba. Amsa mafi gaskiya ba daga bakin mai gida ko dillali take fitowa ba. A koma gidan da yamma ba tare da su ba, a yi sallama da wani ɗan haya ko mai shagon da ke kusa, a tambaye shi kwana nawa ake yi ba wuta da kuma nawa ake sayar da jarkar ruwa a watan Afrilu, lokacin da zafi ya tsananta.

Ina jaddada duba ɗaki da kyau ne saboda abin da ya same ni a shekarata ta biyu. Na kama wani ɗaki a cikin rani, an yi masa sabon fenti, ga siminti fes, ga taga mai raga. Na lura da wani layi mai duhu a jikin bangon zaure, kamar kamu ɗaya daga ƙasa, na tambayi dattijon da ya nuna mini gidan, na ce, "Baba, wannan alamar ta mece ce?" Ya ce, "Ɗana, tsohon fenti ne, kada ka damu." A daren wani ruwan sama na watan Agusta na farka na ji katifata tana jiƙe, na haska fitilar waya na ga takalmana suna yawo a tsakar ɗaki, littattafan da na jera a ƙasa kuwa sun sha ruwa sun kumbura, har da takardun rajista. Layin nan da na gani iyakar inda ruwan bara ya tsaya ne. Tun daga lokacin nake gaya wa duk wanda zai kama ɗaki ya kalli gindin bango daga waje, ya duba ko dandamalin ɗakin ya fi titi tudu, ya ɗaga kai ya nemi tabon yoyo a silin, sannan ya ga inda kwatar unguwar take bi. Ya shiga makewayi da kansa, ya ƙirga mutum nawa suke amfani da shi, ya kuma gwada ƙofa da sakata.

Wajen biyan kuɗi, dillali yana da amfaninsa, kuma la'adarsa haƙƙinsa ce idan an yi ciniki a kanta tun farko, amma kuɗin haya a hannun mai gida ko wakilinsa sananne ya kamata ya shiga. Ya fi kyau a tura ta banki domin a samu shaida, a kuma karɓi rasit mai ɗauke da ranar shiga da ranar ƙarewar haya. A rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce, a fayyace wanda gyaran rufi da famfo yake kansa, da lokacin rufe ƙofar gida da dare, da ko an yarda a kawo abokin zama, da abin da zai faru idan yajin aiki ya tsawaita shekarar karatu, kamar yadda aka gani a 2022 lokacin da malaman jami'o'i suka shafe wata takwas ba sa aiki alhali kuɗin haya yana ta tafiya. A sa shaidu biyu su sa hannu. Wasu suna jin nauyin neman takarda a wurin dattijo, suna ganin kamar rashin yarda ne, amma addininmu da kansa ya yi umarni da rubuta bashi, kuma mai gida na gari ba ya jin haushin haka. Kada kuma a ba da kafin alƙalami a kan ɗakin da ba a gani da ido ba, komai kyan hoton da aka turo ta WhatsApp.

Da an tare, ya dace ɗalibi ya je ya gaida mai unguwa da limamin masallacin da ke kusa, ya faɗi sunansa da garinsu da makarantar da yake karatu. Baƙon da aka san fuskarsa yana da masu tsaya masa ranar da wata matsala ta taso. Ga ɗalibai mata, gidan da iyali suke ciki ko gidan da mata zalla suke haya ya fi kwanciyar hankali, kuma yana da kyau wani babba daga gida ya zo ya gana da mai gidan ido da ido. Abokin zama yana rage nauyin haya, sai dai a yi magana a fili tun ranar farko a kan girki, baƙi, da lokacin kashe fitila.

Batun sana'a kuwa, ƙa'idar da nake ganin ta fi kowace muhimmanci ita ce a fara karɓar jadawalin lacca kafin a karɓi aiki. Aikin da ya dace da ɗalibi shi ne wanda yake da lokaci sananne, kuma ake iya ajiye shi idan jarrabawa ta matso. Koyar da yara darasi a gidajensu da yamma yana kan gaba a wannan ma'auni, musamman ga mai ƙarfi a lissafi, Turanci ko kimiyya, kuma buƙatarsa tana ƙaruwa idan jarrabawar JAMB da WAEC da NECO suka kusato. Hanyar samunsa ita ce a fara da gida ɗaya a unguwa, a riƙe lokaci, a nuna wa iyaye ci gaban yaron a littafinsa, domin uwa ɗaya da ta gamsu takan kawo gidaje uku. Wanda yake da karatun Alƙur'ani da tajwidi zai iya neman aji a Islamiyyar yamma ko ta Asabar da Lahadi. A yi magana a kan kuɗi kafin a fara, a kuma tsayar da ranar biya, kada kunya ta sa a yi wata biyu ana koyarwa a kan "za mu gani".

Akwai kuma sana'o'in da ɗalibai 'yan uwa su ne masu sayensu. Mai kwamfuta da ya iya buga rubutu da tsara shafi ba ya rasa aiki a lokacin da 'yan ajin ƙarshe suke rubuta kundin bincike. Wasu suna sayar da data da katin waya, wasu suna aski ko gyaran waya, ɗalibai mata da dama kuma suna riƙe kansu da ɗinki, ƙunshi, kitso, turaren wuta, ko zoɓo da kunun aya da cincin. Abin da yake karya irin wannan ciniki shi ne bashin abokai, saboda haka a ware uwar kuɗi daga riba, a rubuta kowane bashi, a kuma koyi cewa a'a da fuska a sake. Zaman shagon POS yana kawo kuɗi, amma yana cin yini, kuma duk giɓin da aka samu a kan mai zama yake faɗawa, don haka wanda zai karɓa ya ƙirga kuɗi tare da mai shago safe da yamma, kuma kada ya miƙa kuɗi sai ya ga shigarsu a na'ura, ba a hoton da ke wayar abokin ciniki ba. Ina ba da shawara da babbar murya a guji duk wata harka ta intanet da ake cewa a zuba kuɗi su ninka cikin 'yan makonni. Mutane da yawa sun yi kuka a MMM a 2016, aka sake yin wani kukan a CBEX a 2025, kuma kuɗin makaranta ba abin gwaji ba ne. Haka nan kada ɗalibi ya ba kowa aron asusunsa na banki don a riƙa wucewa da kuɗi ta ciki, domin sunansa ne hukuma za ta nema.

Ɗaliban makarantun gwamnati suna da wata ƙofa da ta buɗe a 2024, wato asusun ba da lamunin karatu na NELFUND, wanda yake biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ya kuma ba wanda ya nema Naira 20,000 a wata don ɗawainiya. Ba a ɗora masa ruwa, kuma ana fara biya ne shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Ana buƙatar lambar JAMB, da lambar NIN, da BVN, da lambar shaidar ɗalibi, kuma a shafin asusun ake cikewa ba tare da an ba wani ɗan tsakiya ko sisi ba. Bashi ne dai, ya kamata a shawarci iyaye kafin a ɗauka, kuma bai shafi ɗaliban makarantu masu zaman kansu irin Al-Qalam ba.

Ta fannin lafiya, a yi rajista a asibitin makaranta tun makon farko, a karɓi kati, domin galibi an riga an biya kuɗinsa a cikin kuɗin rajista, kuma daga can ne ake tura mai babbar lalura zuwa Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. Gidan sauro ya fi maganin zazzaɓi araha. Abinci kuwa, wanda ya taho da gero, wake, garin rogo da mai daga gida, ya kuma riƙa haɗa kuɗi da abokan zama suna sayen cefane a Babbar Kasuwa maimakon ɗan-ɗan a shagon unguwa, zai ga bambanci kafin wata ya ƙare. Idan za a tafi gida hutu, a hau mota a tasha, kamar ta hukumar sufuri ta jiha, KTSTA, a kuma tashi da wuri yadda za a isa kafin magariba, saboda halin tsaro a wasu hanyoyin jihar. Kafin a fita a ɗaga katifa da littattafai daga ƙasa, a cire duk abin da ke jikin wuta, a tafi da kwamfuta da takardun makaranta na asali, sannan a shaida wa mai gida da maƙwabci ɗaya ranar da ake sa ran dawowa.