Yadda zaka ɗauki Damagaram gaba ɗaya a hoto guda daga kan dutse

Duk wanda ya taɓa hawa duwatsun nan na wajen Birni da yamma ya san abinda nake nufi, gari ne shimfiɗe a gabanka tun daga fadar sarki da masallacin kusa da ita har can Zango, amma kana ɗaga waya ka danna sai ɗan yanki kawai ya shiga sauran duk ya tsere. Maganin wannan shine fanorama, hoton nan dogo mai faɗi, kuma kusan kowace waya tana da shi, ka shiga kamara ka duba inda aka rubuta Panorama ko Pano.

Fara da lokaci. Tsakar rana ba'a hoto a garin nan, rana na bisa kai komai yayi fari fat, ga wayar ma ta ɗau zafi. Ka hau da sassafe bayan gari ya waye ko kuma bayan la'asar sakaliya, lokacin ne jar ƙasar ginin Birni take fitowa da kyau, duwatsun suna jefa inuwa. Rana ta kasance a bayanka ko gefenka. In hunturu ne da hazo ya rufe gari ka haƙura kawai, ni dai a wurina ba kamar washegarin ruwan sama a watan Agusta, ƙura ta kwanta sama tayi garau kana hango nesa sosai. Amma ka kula, dutse jiƙaƙƙe yana da santsi, kar ka hau da silifas.

Kafin komai goge idon kamara da gefen riga, ƙurar aljihu kaɗai ta isa ta ɓata maka aiki.

To ga inda mutane suke kuskure, kuma wallahi nan ne duk sirrin yake. Yawanci sai mutum ya miƙe hannu ya juya jikinsa gaba ɗaya kamar mai raba goro, wayar tana yawo a iska, shi yasa zaka ga katanga ta karye biyu ko dutsen dake kusa ya lanƙwashe, don wayar hotuna da yawa take ɗauka tana ɗinke su, in ta sauya wuri abin kusa da na nesa basa haɗuwa daidai. Ka riƙe ta a tsaye da hannu biyu, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, wayar ta zauna wuri guda tana juyawa a kanta kamar ƙyaure, kai ne zaka ɗan zagaya ta. A hankali, kibiyar da zata fito maka a allo kar ta bar layinta. In ka samu dutse mai baje ka kafa gindin wayar a kai ya fi.

Haske kuma, ka ɗora yatsa kan allo ka danne na ɗan lokaci a wurin da ba duhu ba kuma ba haske sosai ba, wayoyi da yawa suna kulle hasken a haka, sama bazata fito rabi fari rabi shuɗi ba. Kuma ba dole sai ka kai ƙarshen layin ba, rabin zagaye ya isa, in yayi tsawo da yawa siriri yake zama kamar igiya. Ɗan kabu-kabu ko akuya in suka gitta kusa ka sake, zasu fito guntu-guntu. Mai babbar kamara ya ɗauka ɗaya bayan ɗaya, kowane hoto ya hau kan kashi ɗaya cikin uku na wanda ya gabata, sannan ya haɗa a kwamfuta da Hugin, manhaja ce ta ɗinke hotuna, kyauta ce.

Dan Allah ɗan'uwa abu biyu. Kar ka juya waya wajen barikin soja, tsohon ginin nan na zamanin Faransa dake kan tudu, ba wurin hoto bane. Sannan daga sama tsakar gidajen mutane kake gani, mata na aikinsu ba lulluɓi, ka ɗaga wayar sama kaɗan, in sun shiga ka yanke wurin kafin kowa ya gani.

In zaka tura a WhatsApp ka tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba matse shi zai yi har hasumiyar masallacin ta dushe.